Rumbun Ango

Rumbun yana tsaye a cikin gidan Mato, a Kwarin Gawo, gabas da Allakaye. Na jar laka ne, mai ƙaton ciki, an ɗora shi kan duwatsu goma sha biyu saboda gara da ruwa. Daga waje kansa kawai ake hangowa bisa katanga. Ƙofarsa ɗaya ce, can sama ƙarƙashin jinka, tsaninsa kuma a ɗakin Mato yake zama. Ango, mahaifin Mato, shi ya gina shi. Ango ya rasu shekara talatin ke nan, amma har yau ba wanda ya taɓa cewa rumbun Mato.

A garin ba a tambayar mutum abin da ke cikin rumbunsa, ba a kuma leƙawa. Ko matar gida ba ta hawa. Abin ya samo tushe tun zamanin kakanni, lokacin da Abzinawa ke saukowa bayan girbi su ɗebi rabonsu. Wanda ya faɗi yawan dammansa, shi ake bari da ƙaiƙayi. Abzinawa sun daina zuwa, rufe bakin ya zauna.

A yunwar tamanin da huɗu, kafin aikin raya karkara na Keita ya fara raba abinci, Ango ya ciyar da garin wata bakwai daga rumbun nan. Kowace safiya mata suna jere a ƙofar gida da ƙorai, shi kuma ya hau tsani ya sauko da tsaba. Kowa ya san abin da ya fito daga ciki ya fi ƙarfin rumbu guda. Tun daga nan ake cewa rumbun Ango ba shi da gindi.

Mato ya san gindinsa, domin shi ya share shi. Ango yana da raƙuma tara da shanu a lokacin. Ya ce wa mutane ya tura su arewa da wani Bafillace, alhali ɗaya bayan ɗaya yake sa a kai su kasuwar Madaoua. Mato, yana da shekara ashirin da biyar, shi ke dawowa da buhuna a kan jakai, an lulluɓe su da karan dawa, ya shigo gari da tsakar rana lokacin da zafi ya kwantar da kowa. Ango ba ya so a san ya tsiyace, ba ya kuma so mai karɓa ya san raƙumi yake ci. A cikin gidan su kansu anza suke ci, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci. Hamdiya, ɗiyar Mato ta fari, a wata na biyar na yunwar ta mutu, ba ta kai yaye ba. Ƙanwarsa Saude an kai ta wurin dangi a Babankatami tun farkon yunwar, ba ta ga komai ba. Da abin ya wuce Ango ya ce masa, “Ka ga, ka rufe baki.” Ya rufe shekara arba'in. Da farko don ubansa ya rufe. Daga baya don ya ga yadda ake tashi a ba shi tabarma.

Bana ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai, tsutsa ta ci rabin abin da ya saura. Mato ya sa dami arba'in cikin rumbu mai ɗaukar ɗari uku. Sauran gidaje ba su kai haka ba. Kowa dai ya yi yadda aka saba: ya zaɓi manyan zangarniyu masu cika, ya ɗaure su dabam, ya rataye. Wannan shi ne iri. A Kwarin Gawo an sha cin ganye da anza, an sha sayar da akuyar ƙarshe, amma ba a kwance iri.

A cikin kakar ne Nazir ya dawo. Ɗan Saude ne, mutum mai shekara talatin da biyar, ya yi lakwal, makarantar boko, har Bouza, ya yi shekara goma a Tamanrasat yana gyaran salula, har aka kori baƙi, aka loda su a kamyo, babbar motar kaya, aka ajiye su bakin iyaka. Ya dawo da jaka ɗaya da baki mai yawa. Ba macuci ba ne. Abin da yake faɗa, shi ya fara yarda da shi.

Wata safiya ya shigo gidan Mato da metir na awo a hannu.

“Kawu, ka ba ni izini in auna rumbun Kaka.”

“Ka auna mi?”

“Tsawo da hwaɗi, daga waje kawai. Wallahi ba ni leƙawa.”

Mato yana gyaran ƙotar hauya. Bai ɗaga kai ba. “Kada ka taɓa jinka.”

Nazir ya zagaye rumbun sau uku yana rubutu a kaye, ɗan littafinsa. Ya ƙirga duwatsun. Ya manna salularsa a jikin laka, ya buɗe allurar da ke nuna alƙibla, allurar ta ɗan karkata. Ya matsa baya ta daidaita, ya sake mannawa ta sake karkata. Ya tsaya baki buɗe. Mato ya san akwai tsofaffin bakunan hauya da Ango ya binne a cikin ginin don ƙarfi, amma ba a tambaye shi ba.

Da la'asar, a gindin gawon da ke gaban masallaci, Nazir ya ciro wani ɗan abu baƙi daga cikin salula ya ɗora a tafin hannu.

“Kun ga wanga kat memuwar? Bai kai farcen Baba Isufu ba.”

“Bar farcena, yi maganarka,” in ji Isufu maƙeri, wanda sa'an Mato ne, tare aka yi musu kaciya.

“Ciki nai akwai wa'azi ɗari uku, da waƙoƙi, da hoton kowa da na sani. Ina suka zauna? Ku hwaɗa mini.”

Ya mayar da abin cikin salula.

“To kwalbar gas fa? Iskar da za ta cika masallacin ga, an matse ta cikin abin da mace ka ɗauka a kai. Wuri shina matsuwa, jama'a. Abin da ido ka gani daga waje ba shi ne iyakar ciki ba.”

“Mu dai cikinmu mun san iyakarsa,” in ji Isufu. Aka yi dariya.

Nazir bai yi dariya ba. Ya ce lakar ƙasarsu ta Adar ja ce saboda ƙarfen da ke cikinta. Ya ce ƙarfe in aka murɗa shi zagaye, kamar wayar da ke cikin dinamo, yana jan abu zuwa tsakiya, kuma ya gani da idonsa yadda allura ta karkata. Ya ce Ango ya gina rumbun siffar ƙwai, bisa duwatsu goma sha biyu, kowane dutse yana tura ƙarfinsa sama, sai wurin da ke ciki ya naɗe.

“Kamar rawani,” in ji shi. “In an naɗa shi, kai guda ne. A warware shi, daga nan har rijiya. Na yi lissahi. Gida nawa, tiya nawa kullum, wata bakwai. Duk dami ɗaya da ido ka gani, akwai goma a bayansa. Kuma cikin naɗin babu iska, hatsi ba ya rubewa. Rarar shekarun da suka wuce duk tana nan.”

“Ango ko alif bai sani ba,” in ji Isufu. “Ina ya ga dinamo?”

“Tsoffi sun sani da hannu, mu mun sani da bik da takarda. Abu ɗaya ne. Ba aljanu ba ne, ba tsahi ba ne. Siyans ne.”

Wannan kalmar ta siyans, wato kimiyya, ita ce ta yi ɓarna. Shekara da shekaru mutane suna ba da labarin rumbun, amma ba wanda ya jingina cikinsa da shi, domin ana jin kamar akwai iskoki a lamarin, kuma musulmi ba ya dogara da irin wannan. Yanzu an ce musu abin ɗan'uwan salula ne. Salula kuwa har liman yana da ita.

Isufu ya juya. “Mato, ɗan ƙanwarka gaskiya yaka hwaɗi, ko zahin hamada ya taɓa shi?”

Duk fuskoki suka juyo. An daɗe ba a juyo masa haka ba. Ɗiyansa maza suna Abijan, matarsa ta rasu, ƙafarsa ta fara ja. Ya ji maganar ta zo masa har baki: dami arba'in ne, da gindin laka. Ya dubi mutanen, ya ga yadda suke kallonsa, irin kallon da ake yi wa Ango.

“Yaushe aka fara tambayar cikin rumbu a garin ga?” in ji shi.

Suka yi murmushi, suka gyaɗa kai. Wani ya ce, “Ɗan Ango ke nan.” Mato ya tashi ya kaɗe riga ya tafi gida. Ya ce wa kansa bai yi ƙarya ba.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Rumbunan gari suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. A shekarun baya, a daidai wannan lokaci mata ke fita daji tsinkar anza, su jiƙa ta kwana uku don ɗacin ya fita. Bana kaɗan ne suka fita.

Tun rasuwar matarsa, Saude ke kawo wa Mato fura da hantsi. Mijinta ya mutu, jikoki biyar ne a hannunta. Wata rana ta ajiye masa ƙwarya, ya kurɓa, ya tsaya. Furar ta yi fari, ta yi gardi, ba irin ta kwanakin baya mai dusa ba.

“Ina kika samu wanga hatsi?”

“Sha dai, Yaya.”

“Na tambaye ki.”

Ta gyara zane. “Irin na kwance. Dami biyu tukuna. Yara sun kwana biyu suna zawo da anza, na ce mi za ni jira?”

Ya ajiye ludayin. “Iri kika daka?”

“Ba ni kaɗai ba ce. Gidan Rabi'u sun kwance tun wancan mako. Gidan liman ma.” Ta dube shi. “In ruwa ya sauka ai muna zuwa wurinka. Akwai dai, ko, Yaya?”

Ita ma ta san ba a tambaya. Muryarta ta yi ƙasa da ta faɗa. Yana ganin tana da sauran dami huɗu a rataye, kuma kalma ɗaya za ta tsayar da hannunta. Amma in ya faɗa mata, kafin azahar gari ya ji. Za a ce rumbun Ango tukunya ce kamar ta kowa, Mato kuma ya zauna a gindin gawo ya bar yaro ya yi ƙarya da sunan ubansa.

“Kin taɓa zuwa gidan ga kika koma da ƙwarya wofi?” in ji shi.

“A'a.”

“To kada ki ƙara taɓa irin. Ki hwaɗa musu su ma. Mai bukata ya zo da safe.”

Da ta fita ya zauna ya dubi furar. Bai iya zubar da ita ba. Ya shanye.

Ya yi niyyar yin yadda ubansa ya yi. Ya ce in ya ba su abinci za su bar iri. Washegari mata goma suka zo, ya sauko da damma ya raba. Kashegari ashirin suka zo. Ranar kasuwar Bouza ya kora awakinsa huɗu da rago, ya ce wa maƙwabta zai kai su kiwo wurin wani. Buhu biyu suka zama. Ya ɗaura wa jaki, ya lulluɓe da kara, ya taho a ƙasa yana jan ƙafa kan duwatsu, ya shigo gari rana tsaka. Da kwando ya riƙa hawa da tsabar, sau goma sha huɗu, yana hutawa a kan tsani har jiri ya sake shi.

Da ya ɗebo tsabar ya tauna, ya san abin da ya sayo. Hatsin kudu ne, mai son ruwan wata huɗu. Adar in ta yi kirki wata biyu da rabi take bayarwa. Wannan na ci ne, in aka shuka shi kara kawai zai yi.

Ya raba shi, kwana tara ya ƙare. Abin da ya so kuma bai samu ba. Da mata suka ga tsaba sussukakkiya tana saukowa daga rumbun da aka sa wa damma, sai labari ya bi gari cewa an fara taɓa hatsin zamanin Ango. Nazir ya ɗebi ƙwayoyin a tafi, ya nuna a gindin gawo.

“Ku duba launinsa. Wa ka noma irin wanga yanzu a nan? Ba kowa. Wanga tsohon ajiya ne, ya hito daga cikin naɗin.”

A makon nan gidajen da suka yi ta haƙuri su ma suka kwance iri.

Mato ya hau tsani ya ƙirga da hannu a cikin duhun rumbu. Goma sha ɗaya, har da nasa irin. Ya sauko ya shigar da tsani ɗaki. Da mata suka zo ya ce musu babu rabo sai ruwa ya sauka. Suka tsaya suna kallon kan rumbun bisa katanga, suka tafi. Aka fara cewa tsufa ya sa shi rowa, Ango bai taɓa mayar da mace ba.

Sau ɗaya ya ɗauki sanda ya nufi gidan Saude don ya faɗa. Ya tarar da maza shida a zaure sun kewaye kayen Nazir, yana zana musu ƙwai da kibiyoyi, yana cewa bayan damina kowa zai gina irinsa. Suka miƙe tsaye. “Ɗan Ango, bismilla, ga wuri.” Ya leƙa ciki ta ƙofar zaure, ya ga igiyoyin da Saude ke rataye iri suna lilo babu komai. Ya gaisa, ya juya.

Ruwan ya sauka ranar wata Talata da hantsi, mai ƙarfi, har kwari ya yi gudu. Kowa ya san ƙa'ida: kwana uku ƙasa ke riƙe laima, wanda bai shuka ba a cikinsu sai ya jira wani ruwan, wanda ba wanda ya san ranarsa. Kafin ɗigon indararo ya tsaya gari ya taru a ƙofar Mato, maza da sunguma a kafaɗa, mata da ƙorai. Ba su tsaya a waje ba. Suka cika tsakar gida.

Mato ya fito ya tsaya a gaban rumbun. Bai yi sallama ba.

“Dami goma sha ɗaya ne a ciki,” in ji shi. “Babu wani abu bayansu.”

Wata mata ta yi 'yar dariya.

“Mato, ba ranar wasa ba ce,” in ji Isufu. “Ƙasa na bushewa.”

“Kai ka san ni da wasa? A tamanin da huɗu raƙuman Ango kuka ci. Tara, da shanu. Ni na kai su Madaoua, ni na kawo buhuna cikin kara. Ɗiyata Hamdiya ta mutu a ɗakin can muna cin anza, ku kuna cin hatsi. Tsabar da na ba ku kwanan baya, awakina ne. Rumbu ne kamar naku.”

Ya faɗe ta gaba ɗaya, bai ji ta yi nauyin da ya zata ba. Ya jira a zage shi. Zagin zai fi masa sauƙi.

“Raƙuman Ango arewa suka tahi, kowa ya sani,” in ji wani tsoho.

“Shekara arba'in ba ka tuna da wagga magana ba sai yau?” in ji Rabi'u, wanda ya fara kwance iri. “Ran da aka tambaye ka gindin gawo, mi ka ce?”

Mato ya shiga ɗaki ya jawo tsani, ya jingina shi da rumbu.

“Nazir. Hau.”

“Kawu, ba a leƙa…”

“Ni mai shi na ce ka hau.”

Nazir ya hau. Ya ɗaga jinka, ya kunna fitilar salula, ya tura kai ciki. Ya daɗe. Da ya sauko fuskarsa ta yi toka-toka. Ya dubi uwarsa, ya dubi mazan da suka kwance iri da maganarsa. Ya lashi leɓe.

“Mi ka gani?” in ji Isufu.

“Damma kaɗan, da gindi.” Ya juyo wajen jama'a. Sai muryarsa ta dawo. “Dole haka zan gani. Ku fasa kat memuwar, kuna ganin wa'azi ciki? Ba ku ganin komi. Sai an buɗe da lamba. Kaka ya ba Kawu yadda ake buɗewa, shi kaɗai ya sani.”

Mato ya ga yadda maganar ta shiga mutanen kamar ruwa cikin yashi. Ba su da wata da za su riƙe.

“Buɗe mana, ɗan Ango,” in ji wata tsohuwa. “Don Allah da Annabi.”

“Ka ji tsoron Allah, Mato!”

“Wa kaka ajiye wa? Kabari?”

Ya je bayan ɗaki ya ɗauko diga. Mutane suka ja baya. Ya kai sara a ƙasan cikin rumbun, inda Ango ya fi kauri da laka. Sara na farko ya ɓantare ɗan guntu kawai. Ya sake, ya sake. Ruwa ya riga ya jiƙa jikin ginin. A na bakwai laka ta tsage har sama, wani ɓangare kamar ƙofa ya rufto, jinka ta karkace ta faɗo. Rana ta shiga cikin rumbun Ango karo na farko tun da aka gina shi.

Kowa ya gani. Damma goma sha ɗaya a jingine gefe guda, ƙaiƙayi, kashin ɓera, da wani tsohon baki na hauya da ya fito daga cikin laka. Ƙasan a shafe yake sumul, mutum uku za su kwanta a kai.

Mato ya jingina da diga yana haki. “Ku duba,” in ji shi. “Ku shiga ku taka.”

Ba wanda ya shiga. Nazir ya ɗora hannu biyu a ka.

“Innalillahi. Ya fasa zagayen. Kawu, ka fasa zagayen! In kwalbar gas ta fashe ina iskar? Duk abin da ke cikin naɗin ya tahi. Ya tahi, ba ya dawowa!”

Wata mata ta rushe da kuka, wasu suka kama. Rabi'u ya tofa yawu a gaban Mato. “Da ka ba mu, gara ka hallaka shi. Allah ya isa.”

Isufu ya dubi bakin hauyar da ke cikin ɓaraguzai, ya dubi Mato. Shi maƙeri ne, ya san ƙirar nasa uban in ya gan ta, ya kuma gane abin da ya karkatar da allurar Nazir. Ya buɗe baki, ya waiga ya ga jama'a, ya rufe.

Mato ya shiga ta tsagar ya riƙa fito da damman ɗaya ɗaya. Ya ce a sussuke a nan, a gaban kowa. Aka sussuke, aka sheƙe, liman ya raba da tiya gida gida. Kowane gida ya samu abin da zai shuka kusurwar gona. Suka karɓa ba godiya, suka fita da sauri, rana tana ci.

Saude ce ta rage. Mato ya ɗauki nasa rabon ya juye a ƙwaryarta. Ta dubi tsabar, ko rabin ƙwaryar ba ta kai ba.

“Na yarda da maganarka, Yaya,” in ji ta. “Da na dawo daga Babankatami na tambayi Inna ina raƙuma, ta mare ni.”

Ya gyaɗa kai.

“Ran da na kawo maka furar nan ina da dami huɗu a rataye. Na tambaye ka.”

“Kin tambaye ni.”

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ta ɗora ƙwaryar a ka ta fita.

Ta shuka kashi ɗaya cikin uku na gonarta, tana jefa ƙwaya uku a rami inda aka saba jefa goma. Wasu suka je Bouza suka nemo hatsin kudu suka shuka, duk da sun san halinsa. Gonar Mato, wadda Ango ya sare da hannunsa a gefen dutse, ba a kai mata sungumi ba. Cikin mako biyu ciyawa ta rufe ta.

Saude ba ta daina aiko fura ba, amma ta daina kawowa da kanta, sai ta ba maƙwabciya ta ajiye a bakin zaure. Furar ta koma ta dusa. A gindin gawo ba a tashi a ba shi tabarma, shi ma bai ƙara zuwa ba.

Ɓaraguzan rumbun kuwa ba su daɗe a tsakar gidan ba. Nazir ya ce ƙarfin yana nan cikin lakar, in aka daka ta aka cuɗa da sabuwa, aka kiyaye awo, zagayen zai sake kamawa. Sai aka fara zuwa. Da farko ana sallama, daga baya aka daina. Mata suna ƙullewa a bakin zane, maza suna zuwa da kwando. Mato yana zaune a ƙofar ɗaki da carbi, bai hana kowa ba. Har Rabi'u ya zo ya ɗauki babban guntu, bai dube shi ba.

Kafin ruwa na uku ba abin da ya saura sai duwatsu goma sha biyu a zagaye. Wata safiya Mato ya fito alwala ya ƙirga su, ya tarar goma sha ɗaya ne.